Mai Masaukin Ƙasar Ƙanƙara

Na san abin da ake faɗa muku a unguwar Krofrom idan kun je gaida dangin uwarku. Ana cewa na kori ƙanena Sanusi daga gidan ubanmu don in cinye gidan ni kaɗai, har na sa bulo na toshe ɗaki don kada ya sami wurin dawowa. Shekara da shekaru ina jin wannan magana ina haɗiyewa, domin wanda ya tsaya amsa wa mutanen Zango ba zai sami lokacin cin tuwo ba. Yanzu ido ya fara dushewa, gwiwa ta ƙi, ga 'yar'uwarku Rabi ta saya mini littafi ta ce in rubuta tarihina. Ba zan ɓata muku takarda da lissafa makarantun da na yi ba, ba su da yawa, kuma malamaina ba su yi alfahari da ni ba. Shekara guda zan ba ku, shekarar da Sanusi ya dawo daga ƙasar ƙanƙara, da abin da ya biyo bayanta. Laifi kam akwai shi a wuyana, amma ba wanda suke faɗa ba ne.

Sai kun san kakanku kafin ku gane sauran. Baaba mai masauki ne a nan Alabar cikin Kumasi, kamar ubansa. Fataken goro da masu shanu idan sun sauko daga arewa gidanmu suke nufa, su ajiye kaya a ɗakin nan na gefen zaure da muke kira ɗakin baƙi. Aikin mai masauki ba shimfiɗa da tuwo kaɗai ba ne. Idan baƙo ya yi faɗa a kasuwa, Baaba ake kira. Idan ya kwanta ciwo, Baaba ne mai jinya. Idan ya mutu ba a san danginsa ba, Baaba ne zai tashi a gaban jama'a ya ce, "Ni ne mai masaukinsa," sannan a ɗauki gawa. Kuma ya horar da mu a kan abu guda har ya shige mana jini: mu mutanen Zango a ƙasar Tonawa, 'yan asalin Kumasi, muke zaune, kakanninmu roƙa suka yi aka ba su, saboda haka ba a saka diga a ƙasa, ko da ramin shuka rogo ne, sai an san mai ita an gaishe shi. Ni na ɗauki wannan a matsayin zaman lafiya da maƙwabta. Sanusi kuwa ya ɗauke shi kamar karatun allo, ba ƙari ba ragi.

Sanusi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu tsakaninmu. Ni mai zafin kai ne, kun sani, ba sai an gaya muku ba. Shi kuwa sanyin hali gare shi har ya ba ka haushi, kana zaginsa yana tambayarka ko ka ci abinci. Tun yana ƙarami yake manne da mahaifiyarmu a madafa, Mma tana korarsa yana dawowa, har ya fi matan gidan iya miya. Da Baaba ya rasu, manyan motoci suka kashe fatauci irin na da, ɗakin baƙi ya zama wurin ajiye tsofaffin kwanduna. Ni na riƙe cinikin goro, shi ya tafi Tema ya sami aikin kuku a jirgin ruwa. Daga wannan jirgi zuwa wancan, har muka ji wai yana wani da ke kai abinci da mai can ƙarshen duniya ta kudu, wurin da ake kira Antatika, inda masu bincike suke zama cikin ƙanƙara. Mma ta ce in dai ana sallah a can ba ta da magana. Shekara shida ba mu sa shi a ido ba.

Ya dawo ana tsakiyar zafi, lokacin da kwanon rufi ke ƙara da rana. Ya rame, ya yi duhu a fuska, amma murmushin na nan. Aka yi murna, Mma ta yi kuka, uwarku Fusena ta dafa wake da shinkafa har maƙwabta suka samu. Bai gama cin abincin ba ya juyo gare ni.

"Yaya, makullin ɗakin baƙi na wurinka?"

"Me za ka yi da shi? Ga ɗakinka an share tun jiya."

"Ba don ni ba ne. Ina da baƙo."

Na leƙa zaure ban ga kowa ba. Na zaci abokin aikinsa ne zai iso daga baya, na miƙa masa makulli. Ya fitar da kwandunan nan duka, ya share, ya wanke daɓe, ya shimfiɗa tabarma guda, ya cika buta ya ajiye a gefenta. Da azahar ya zuba tuwo a kwano ya rufe ya kai ciki. Kwana ɗaya, biyu, mako, baƙo bai iso ba, amma kullum kwano na shiga. A mako na biyu na ga ya sayo tabarma ta biyu. Kafin wata ya cika sun zama biyar. Fusena ce ta fara yi mini maganar, tana wanke-wanke ba ta ko ɗago kai ba.

"Maigida, ka taɓa kwanon da ke fitowa daga ɗakin nan? Tuwon ba a ci, amma ya daskare paa. Jiya na sa cokali, cokalin ya lanƙwashe."

Na ce mata mata ba sa rasa abin faɗa. Amma ruwa ba ya tsami banza, washegari da rana tsaka, Sanusi ya tafi masallaci, na tura ƙofar na shiga. Ɗakin ba shi da fanka, ba shi da silin, taga guda ce ƙarama, a irin wannan lokaci ko akuya ba ta yarda ta kwanta a ciki. Ina sa ƙafa sanyi ya kama ni daga idon sawu ya hau har haƙora. Na ga numfashina yana fita fari daga bakina, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni. Rana na shigowa ta taga, ina jin mai koko tana kiran ciniki a waje, komai na nan daidai. Butocin nan biyar kuwa ruwansu ya zama dutse. A kan kowace tabarma akwai jiƙa, ba a ko'ina ba, daidai inda mutum zai zauna ya miƙe ƙafa. Ba abin da ya motsa, ba abin da ya yi magana. Sai dai na ji abin da kake ji idan ka faɗa cikin taron manya ba ka cire takalmi ba, kowa ya yi shiru yana jira ka gane da kanka. Na fita da baya, na ja ƙofar, gumi da rawar sanyi suna haɗuwa a jikina.

Da ya dawo na ja shi bayan gida inda Mma ba za ta ji ba, na ce ya gaya mini abin da ya kwaso mana. Bai yi gardama ba. Ya zauna a kan turmi ya ba ni labarin tiryan-tiryan. A jirginsu akwai wani mai aikin inji da suke kira Abdu, Musulmi ne, ba ya yawan magana, su biyu suke sallah tare suna bin agogo, tunda a can wata da watanni rana ba ta faɗuwa. Suna sauke kaya a wata gaɓar teku sai Abdu ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi wurin likita rai ya yi halinsa. Aka duba takardunsa aka aika wa ƙasar da ke rubuce a ciki, suka ce ba su san shi ba, takardun na jabu ne. Ba dangi, ba gari, ko sunan ma ba a tabbatar nasa ba ne. Ƙanƙara na shirin rufe hanya, shugaban jirgi ya ce a binne shi a nan cikin duwatsu. Sanusi ya yi masa wanka, ya yi masa likkafani da zanen gado, ya sallace shi shi kaɗai. Da aka ɗauko shebur sai ya ce a dakata.

"Na ce musu, ƙasan wa ne wannan? Ba a tona sai an gaida mai shi. Sunka yi dariya, Yaya. Wani ya ce ƙasashe uku ke cewa nan wurin nasu ne, wani ya ce duka ƙanƙaran ƙasa bakwai sunka raba a takarda, wasu kuma ba su yarda da rabon ba koraa, ko kaɗan. Na ce to a cikin ukun wa zan gaida? Sunka ce ba ko ɗaya, an yi yarjejeniya kowa shi riƙe maganan shi a ciki. Na ce to wa ke tsaya wa wanda ya mutu a nan? Sunka ce ba kowa."

"Sai ka yi me?"

"Gawa na kwance, Yaya. Me Baaba zai yi? Na cire safan hannu, na dafa ƙasan, na ce in ba mai shi, ni na karɓa. Ni ne mai masaukin shi."

Na ce to Abdu guda ne, tabarma biyar fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce ai na sani, baƙon da ya ji daɗin masauki shi ke gaya wa na baya. An daɗe ana mutuwa a can, masu kamun manyan kifaye, masu neman hanya da suka ɓace, waɗanda jirginsu ya nutse, yawancinsu Turawa, ba wanda ya taɓa tsaya musu domin ƙasar ba ta da mai ita. Yanzu sun ji ta yi mai ita. Ya ce ba sa cutar kowa, ba sa cin komai, wuri kawai suke so inda aka san da su. Raina ya ɓaci, na zage shi tas, na ce mutane na dawowa daga turai da mota shi ya dawo mana da matattun Turawa. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko akwai tsohuwar tabarma a ɗakina da ba na amfani da ita.

Na kai maganar gaban Mma ina tsammanin za ta tsawata masa. Tana zaune tana jan carbi, idonta ya riga ya fara mutuwa a lokacin. Ta saurara har ƙarshe.

"Haruna, uban ku ya taɓa tambayan baƙo addinin shi kafin shi ba shi ruwa?"

"Mma, waɗannan ba mutane ba ne."

"Da can mutane ne. 'Ya'yan wasu ne. Ni dai ban haifi wanda zai rufe ƙofan gidan nan ba."

Haka gida ya rabu. Mma da Sanusi gefe guda, ni da Fusena gefe guda, ku kuwa kuna ƙanana ba ku san dawan garin ba. Sanyin ya fara fitowa daga ɗakin ya kwanta a zaure. Masu sayen goro suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa suna cewa a miƙo musu daga nan. Kajin Fusena suka daina bi ta zaure, sai su haura katanga. Wata rana da la'asar na ga sawun jiƙa a kan siminti, manya-manya irin na takalmin da ba a sayarwa a Kumasi, sun fito daga ɗakin, sun tsaya a bakin tsakar gida inda kuke wasa, sun koma. Na tsaya ina kallo har rana ta shanye su.

Na ɗauki Sanusi muka tafi Buokrom wurin Malam Yakubu, wanda ya karantar da mu Alƙur'ani muna yara. Na so ya ce aljanu ne, ya ba mu rubutu da turare a gama. Tsohon ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce ƙasa dai ta Allah ce, da mai ƙanƙara da mai rogo, kuma matattu suna inda Allah ya ajiye su, shi bai san abin da ke ɗakinmu ba, ba zai kuma yi ƙaryar ya sani ba. Amma magana zarar bunu ce, wanda ya ce ya karɓi amana ya karɓa. Hanya guda ya sani, wadda masu masauki ke bi tun da: baƙon da ya fi ƙarfinka sai ka miƙa shi ga mai ƙasa, hannu da hannu. Ya ce tunda akwai masu cewa wurin nasu ne, mu je mu mayar musu da abinsu, baƙin su bi su.

Muka shiga mota zuwa Ankara, babban birnin ƙasar nan, muka nemi ofishin jakadancin ɗaya daga cikin ƙasashen nan uku. Kwana biyu muna zarya kafin wani Bature mai kirki ya yarda ya gan mu, ina jin don ya ji abin dariya ne. Sanusi ya yi masa bayani da Turancinsa na jirgi. Baturen ya kai mu gaban taswira a bango, ya nuna mana farar ƙasar an tsaga ta daga tsakiya kamar lemo, ya ɗora yatsa a kan wani yanki ya ce wannan nasu ne tun kakanni, suna da takardu, har sunaye sun sa wa duwatsun. Na ji daɗi, na ce alhamdu lillahi, ga mai ƙasa. Sanusi ya miƙe ya ce to ya zo ya mayar masa da ita, da baƙin da ke cikinta. Baturen ya yi murmushi ya ce ba zai iya karɓa ba. Idan ya karɓa, ya nuna ke nan ƙasar ta taɓa fita daga hannunsu, kuma sauran biyun za su ce an taɓa yarjejeniya. Ya ce kowa ya ajiye da'awarsa yadda take, ba a ƙarawa, ba a sabuwa, saboda haka abin da Sanusi ya faɗa a kan duwatsu ba komai ba ne a wurin hukuma, ya kwantar da hankalinsa. Ban da haka ma, in ji shi, ba ɗan ƙasa ko guda a can, ba wanda za a tsaya wa.

"To ƙasan naku ne ko ba naku ba ne?" in ji Sanusi.

Baturen ya ce tasu ce.

"Waɗanda ke kwance a ciki fa?"

Ya ce wannan ba aikin ofishinsa ba ne. Yana faɗa yana murza hannuwa, sai ya kira sakatariyarsa ya ce ta kashe na'urar sanyi, ta yi yawa. Matar ta ce ai tun safe na'urar ba ta aiki. Ya dube mu, ya dubi kujerun da ke jere a bayanmu ba kowa a kai, ya ce yana da wani taro. A mota muna dawowa na ce wa Sanusi waɗannan sun fi mu wayo, suna son ƙasa ba sa son nauyinta. Ya ce shi tausayi suka ba shi. Ni kam haushi ya hana ni cin burodin da na saya a hanya.

Muna isowa gida muka tarar da kuka. Ke Rabi, a lokacin kina rarrafe. Uwarki ta juya ta sauke tukunya, kika bi ta zaure, ƙofar ɗakin baƙi ba ta rufu sosai ba. Ba ki fi minti biyar a ciki ba. Ta same ki zaune a tsakiyar tabarmin kina miƙa hannu sama kamar mai so a ɗauke ta, leɓunanki sun yi shuɗi, jikinki ya sandare. Kwana tara kika yi a asibiti ƙirjinki na kuka, likita na tambayarmu ko a cikin firji muka saka ki. A kwana na shida aka ce mu yi addu'a kawai. Na tsaya a kanki ina kallon haƙarƙarinki na ɗagawa da ƙyar, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na kuma ji na tsani ɗan'uwana. Ba zan ɓoye muku ba, tsana ce sosai.

Ranar da aka sallame ki ban ko shiga cikin gida ba, na wuce na sayo bulo da siminti, na kira magini. Tabarmi sun kai goma sha ɗaya a lokacin. Sanusi na zaune a zaure, kwana tara bai ci abin kirki ba, shi ma ya yi kuka har idonsa ya kumbura.

"Yaya, ba su yi da gangan ba. Sun daɗe ba su ga yaro ba."

"Ka shiga ka gaya musu masauki ya tashi."

"In kai su ina? Ka ga dai an ƙi karɓan su."

"Kai ka dafa ƙasa, ba ni ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kai ɗakinka na nan, ba wanda ya kore ka. Su ne ba na so."

"Mai masauki ba shi kwana a ɗaki baƙin shi na waje. Ka sani."

Na sani ƙwarai. Na san idan na toshe ɗakin nan shi ma na fitar, na kuma ce wa magini ya kwaɓa siminti. Mma ta fito tana lalube bango, ta kira sunana sau biyu, na yi kamar ban ji ba. Sanusi ya shiga ɗakin, na ji yana magana ƙasa-ƙasa da ladabi, irin yadda Baaba ke ba baƙo haƙuri idan tuwo ya makara. Ya fito da jakarsa guda, ya durƙusa gaban Mma ta dafa kansa, ya zo ya buɗe ƙofar gida ya riƙe ta. Azahar ce, rana na dukan titi, yara na dawowa daga makaranta. Ya daɗe yana riƙe da ƙofar nan, ina tsaye a zaure sanyi na wucewa ta gefen ƙafafuna, ya wuce, ya dakata, wani ya wuce. Da na ƙarshe ya fita, Sanusi ya dube ni ya ce in kula da Mma. Ban ce masa Allah ya kiyaye hanya ba. Kafin la'asar bango ya tashi, kafin magariba zaure ya koma zafinsa, kaji suka dawo bi ta ciki.

Ya koma Tema, ya koma jirgin. Mutanen unguwa sun ga ya fita da jaka, sun ga bulo, suka haɗa labarinsu, ni kuma na bar su, domin gaskiyar ta fi ƙaryar wuyar faɗa. Rabi ta warke sarai, ciniki ya dawo. Mma ba ta sake yi mini maganar ba ko sau ɗaya, sai dai ta daina cin goron da na ɓare mata da hannuna. Ina gaya wa kaina cewa na zaɓi 'yata, kuma ko yau aka mayar da ni ranar nan, siminti zan sake kwaɓawa. A kan wannan ban nemi gafarar kowa ba.

Abin da nake neman gafara a kansa ya zo bayan shekara uku. Wasiƙar kamfanin jirgin sai da ta yi wata biyu kafin ta iso, tana cewa Sanusi ya rasu a can gaɓar, an rufe shi da duwatsu. Ni ban buƙaci wasiƙa ba, na riga na sani. Ranar wata Talata ce da hantsi, ina zaure ina tsince goro a kan ganye, ku uku kuna tsakar gida kuna wasan 'yar carafke, Rabi na dariya ta fi kowa ƙara. Mma na ɗakinta, ƙofa a buɗe, ido ya tafi gaba ɗaya amma kunne na nan. Sai na ji sanyi ya taɓa mini yatsun ƙafa ta ƙarƙashin ƙofar gida. Sannan aka yi sallama. Muryarsa ce, a hankali, da ɗan jan nan da yake yi a ƙarshe kamar mai jin kunyar damun mutane.

Na san abin da ya faru, na san kuma abin da yake nema. Can ba wanda ya dafa ƙasa dominsa, ba wanda ya tashi ya ce shi ne mai masaukinsa. Ya zo gidan ubansa a matsayin baƙo. Kalma uku ce a bakina, wa alaikumus salam, amsar da ko maƙiyinka ya yi maka sallama wajibi ce a kanka. Amma na san ba shi kaɗai ba ne a bayan ƙofar nan, wanda ya amsa masa ya amsa musu duka. Na dubi tsakar gida. Ya yi ta biyu. Goron da ke hannuna ya yi sanyi har ya manne mini a tafi. Na cije leɓe, hawaye na zuba a kan ganyen, ɗan'uwa rabin jiki, ga rabin jikina a tsaye a rana yana jira. Ya yi ta uku, ya ɗan dakata kamar yadda Baaba ya koya mana, wanda ya yi uku ba a amsa ba sai ya juya. Sanyin ya janye daga yatsuna a hankali.

Daga ɗaki Mma ta ɗaga murya.

"Haruna, ba ka ji ana sallama ba? Wane ne?"

Na share fuskata da hannun riga, na gyara murya don kada ku ji.

"Ba kowa, Mma," na ce.